Wardin Baba Buɗe-mu-gani

Rabin rayuwarsa a ƙofar wata masana'antar sabulu ya yi ta, yana binciken jakunkunan ma'aikata idan an tashi. Maganarsa ɗaya ce ga kowa: "Buɗe mu gani." Da haka sunan ya bi shi har unguwa, ya kuma ƙi sakinsa bayan ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ba mugu ba ne. Kawai dai idan ka gaishe shi da fara'a fiye da kima, sai ya wuni yana tunanin me kake nema.

Da ya bar aiki, binciken ya dawo kan matarsa. Ta dawo daga kasuwa, ya leƙa leda. Ta ɗora tukunya, ya ɗaga murfi. Tun tana magana har ta koma kallonsa kawai.

Ana haka yayarsa, wadda ta goye shi yana ƙarami, ta shirya komawa wajen ɗanta a gidan bene, inda babu ƙasar shuka ko cikin cokali. Tana da tsohuwar shukar furen wardi a bayan ɗakinta. Ranar tashi ta yanko masa 'yan rassa, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma.

"Kada su mutu a hannunka," ta ce. "Kuma kada ka tone su don ka ga ko sun yi saiwa. Na san halinka."

Gidan haya suke zaune, tsakar gida ɗaya da tela da iyalinsa, da wata mai wanki a ɗakin ƙarshe. Baba ya tara gwangwanayen madara, ya huda gindinsu da ƙusa, ya haɗa yashi da tsohon taki. Kowane reshe ya yanke shi a karkace da sabuwar reza, ya cire ganyen ƙasa ya bar biyu a sama, ya soka shi a hankali. Sannan ya yanke gorunan ruwa ya kife a kansu don danshi ya zauna. Ya jera su a gindin katanga, inda hantsi ke taɓawa ya wuce.

Wasu suka yi baƙi daga ƙasa suka mutu. Sauran suka tsaya, har suka fara fitar da toho ja, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Kullum da safe yakan tsuguna ya soka yatsa a ƙasar. In da danshi, ba ya ƙara ruwa. Da hantsi kuma ya fita wajen abokansa a bakin shagon mai gyaran rediyo.

Wata rana ya dawo, ya tsaya turus. Gwangwanin da ke da lotsawa a baki, wanda ya san a farkon layi yake, ya koma na biyu.

Washegari kafin ya fita ya zagaye gindin kowane gwangwani da gawayi. Da ya dawo, duk suna wurinsu, amma babu wanda ya zauna daidai cikin zanensa.

"Akwai mai taɓa mini shuka," ya ce wa matarsa a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

"Allah sarki," ta ce, tana ninke kaya. "Wa kake zato?"

"Kowa."

Mai wanki ya fara zargi, don ta taɓa ƙorafin cewa gwangwanayen sun tare mata hanyar igiyar shanya. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina, har ya ɗan lasa, ko zai ji sabulu. Shi da ya san warin sabulu ko a mafarki, bai ji komai ba. Sai ya koma kan tela. Ya tuna ranar da mutumin ya tsaya yana yaba shukar. Me ya sa ya yaba? Wanda ya yaba abu, ai yana so ne. Baba ya daina amsa gaisuwarsa da kyau. In keken ɗinki ya yi shiru, sai ya ɗaga labule ya leƙa.

Abin ya kai maƙura ranar da mafi ƙarfi a cikin dashen ya ɗaure kan fure na farko. Baba ya gan shi da safe, kore, a dunƙule. Da rana babu shi. An tsinke shi tas, da farce.

Ya tafi kai tsaye ƙofar tela.

"Maƙwabci, nuna mini hannunka."

Tela ya ɗago daga kan keke, allura a baki. "Lafiya, Baba?"

"Faratanka nake son gani."

Tela ya cire allurar, ya miƙa hannayensa biyu. Faratan a yanke suke har nama. "Baba, da girmanka," ya ce. "Shekara nawa muna tare, ko tsinke na taɓa ɗaukar maka?" Matarsa ta fito daga ɗaki tana cewa in gidan ya ishe su ne a faɗa musu. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakanin ɗakunan biyu.

Baba bai gamsu ba. Washegari ya sa hularsa, ya yi sallama da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya buga ƙofar gida, sannan ya lallaɓo ya tsuguna bayan durom ɗin ruwa. Gwiwoyinsa suka yi tsami. Rana ta take. A nan ya lura da abin da bai taɓa gani ba, don ba ya gida a wannan lokacin: inuwar katangar ta janye, rana ta sauka ƙwal a kan gwangwanayen, gorunan sun fara gumi.

Labulen ɗakinsa ya motsa. Matarsa ta fito da faranti, ta jera gwangwanayen a kai, ta kai su ƙarƙashin rumfar kicin, ta cire musu gorunan su sha iska.

"Ashe ke ce!"

Ko razana ba ta yi ba. "Tashi daga nan, Malam, kafin ƙafarka ta riƙe. Tun ɗazu nake hango hularka."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa durom. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Rana ta juya, wurin ya zama murhu. Da na ce a matsar da su, za ka yarda? Cewa za ka yi wurin nake so in ajiye turmi."

"Furen fa?"

"Yaya ce ta ce a waya in tsinke. Wai jariri ne, in ya yi fure yanzu ƙarfinsa zai ƙare a kai, saiwa ba ta kama ba."

"Har da Yaya a ciki? Kina kallo na je na ci mutuncin bawan Allah?"

Nan ta sunkuyar da kai. "Wannan kam ban kyauta ba. Ban zaci za ka kai can ba. Amma tsakani da Allah, tun da ka samu masu laifi a waje, na samu na yi girki cikin kwanciyar hankali."



Da yamma suka je ƙofar tela su biyu, ita a gaba. Shi ya riƙo gwangwani ɗaya da hannu biyu. Haƙurin da ya bayar gajere ne, yawancinsa bayanin yadda ake ba shukar ruwa ne. Tela ya karɓa, matarsa kuwa sai da ta ɗauki lokaci kafin ta sauko.

Da dashen da suka rayu suka yi ƙarfi, ya mayar da su cikin manyan bokitai, ya koyi wanke musu ƙananan ƙwarin da ke taruwa a ƙarƙashin ganye. Na wajen tela ne ya riga fitar da furanni, manya, masu ƙamshi har ƙofar gida. Baba yakan tsaya a kansa da safe, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

"Akwai abin da yake zuba masa," yakan ce wa matarsa. "Bai dai faɗa ba ne."