Takalmin Angon da Des Ya Hora

A garinmu Burra, in ka ce Desmond Hocking sai an tsaya tunani, amma in ka ce Des mai askin tumaki, har karnuka sun san gidan. Tun yana saurayi yake bin rumfunan aski daga wannan gona zuwa waccan, a sunkuye, tunkiya tsakanin gwiwoyinsa, har bayansa ya daina miƙewa sosai. Mutum ne mai rowar magana. Matarsa Joyce, kafin ta rasu, takan ce in aka tara duk abin da ya faɗa mata tun aurensu ba zai cika kofin shayi ba. Ba wai ba shi da zuciya ba ne. Abin da ke ransa da hannu yake faɗarsa, wanda kuwa bai lura da hannun ba ya yi asara.

Gidan su Hocking suna da wata al'ada da ba a taɓa zama aka tsara ta ba. Ba a barin namiji ya shiga babbar rana da ɗanyen takalmi. Sai wani ya hora masa shi tukuna, yadda ake horar da doki kafin a hau. Abin ya zo musu da sauƙi don ƙafarsu iri ɗaya ce, faffaɗa mai tudun baya. Lokacin da Des zai auri Joyce, mahaifinsa ya ɗauke sabon takalminsa ya yi ta zagaya tsakar gida da shi, har dunduniyarsa ta yi bororo. Ranar ɗaurin aure ya miƙo masa abinsa. Des ya zura ƙafa ya ji laushi, fatar ta riga ta karye daidai inda yatsu ke lanƙwasa. A ranar ya tabbatar tsohon nan mai ɗaure fuska yana sonsa, kuma bai sake neman wata shaida ba.

Ɗansa guda ne, Glenn. Yaron ya tafi makaranta birnin Adelaide tun ƙafarsa ba ta kamo ta ubansa ba, daga nan ya samu aikin banki ya zauna. Saboda haka bai taɓa ganin al'adar ba, Des kuma, ka san shi, bai taɓa ba shi labari ba.

Da Glenn ya tashi aure, dangin amarya Marisa, masu gonakin inabi, suka ɗauke komai: abinci, abin sha, furanni, har makaɗa. Abu ɗaya suka bari, cewa a cocin Burra za a ɗaura, kusa da kabarin Joyce. Des ya kira ɗansa a waya, ya yi ta kame-kame kafin ya tambayi abin da shi zai yi.

"Babu komai, Baba. Ka yi aski, ka sa kwat ɗinka, ka zo kawai."

Glenn da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta zauna wa Des a ƙirji. Ɗansa tilo zai yi aure, shi kuma a gayyace shi kamar maƙwabci. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a ce akwai abu ɗaya a bikin nan da ya bi ta hannunsa.

Ana nan sai ga kwali daga gidan waya. Glenn ya sa wani baduku a birni ya ɗinka masa takalmin aure, ya ce a aika gidan ubansa a ajiye. Des ya buɗe. Sau-ciki ne ruwan goro, yana sheƙi, yana ƙamshin sabuwar fata. Ya danna gabansa da babban yatsa, ya ji shi ƙam kamar katako. Ya ce a ransa, wannan yanka yaron nan zai yi. Rabon da ya ji daɗi irin na wannan rana tun Joyce na da rai.

Ya wanke ƙafa, ya yanke farce, ya sayo sabuwar safa. Ya shimfiɗa tsofaffin barguna daga kicin har ƙofar ɗaki don kada ƙasan takalmin ya kurje. Kullum bayan shayin safe sai ya sa, ya je ya dawo, ya tsuguna, ya ɗage a kan yatsu, bayansa na ƙara. Takalmin ya ci masa dunduniya, ya liƙa filasta ya ci gaba. A haka yayarsa Beryl ta same shi wata safiya da ta kawo masa burodi.

"Kai Des, ruɗin tsufa ne ya fara, ko kai ne angon?"

"Hora shi nake yi, Yaya."

"Na ga alama. Ka gaya wa yaron?"

"In gaya masa me? Ni Baba ya gaya min ne?"

"Kai ka tashi kana gani ana yi, sakarai. Shi a ina zai gani, a banki? Ɗauki waya ka faɗa masa."

"In ya sa zai gane."

"Allah Ya sa," in ji Beryl. "Ni dai ban taɓa jin takalmi ya yi magana ba."

Sannu a hankali fatar ta sallama. Kari biyu suka kwanta a gaban kowace ƙafa, masu laushi, daidai inda ya kamata. Des ya shafe takalmin da mai, ya goge shi har ya ga inuwarsa, ya mayar cikin takardarsa ya rufe kwalin.

Ana saura mako biki Glenn ya zo da Marisa. Des yana tsaye wajen butar shayi, ya juya baya, amma kunnensa na kan kwalin. Ya ji an ɗaga murfi, ya ji takarda ta yi ƙara.

"An sa takalmin nan," in ji Glenn.

Marisa ta leƙa. "Fata ce fa, Glenn. Kai ma kana sawa haka za ta yi."

"Ni in na sa, ƙafata ce. Dubi cikinsa, har ya yi shatin dunduniya." Ya kai hanci ya yamutsa fuska. "Wani ƙazamin ne ya gama yawonsa da shi, suka shafa mai suka aiko min. Sun ɗauka ban san abin da nake yi ba."

Ƙazami. A gaban surukar da ko sabawa ba su gama yi ba. Des ya dubi ƙafafunsa cikin silifas, farcen da suka yi kauri, filastar da ke leƙowa ta bayan safa. Kunya ta rufe shi tun daga wuya.

"Baba, kai ka san fata. Wannan karin na sabon takalmi ne?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Da ya faɗa, da Glenn ya ji kunya na ɗan lokaci, da Marisa ta yi dariya, da an sha shayi an wuce wajen. Amma Des ya zuba ruwa a buta, ya ce, "A'a. An sa shi."

"Kin ji ko! To in mayar musu?"

"Takalminka ne," in ji Des.

Glenn ya koma birni da kwalin, ya tayar wa bayin Allah hankali a shagonsu kan laifin da ba su yi ba. Suka rantse, ya ƙi ji, suka gaji suka ba shi wani. Da Beryl ta ji, har gida ta zo ta wanke ƙanenta tas.

"Bakinka ciwo yake yi? Bari ni in kira shi."

"Yaya, in kika gaya masa, ba ni ba ke."

Ta san in ya faɗa ya faɗa. Ta riƙe alkawarin a kan Glenn shi kaɗai. Sauran mutanen gari kuwa kafin Lahadi kowa ya ji. Kuma duk surutunmu na Burra, ba a samu wanda ya kai wa yaron ba.

Ranar biki ango ya shiga coci da takalmi sumul, babu kari ko ɗaya. Kafin a gama ɗaukar hotuna ya fara ɗingishi. Da la'asar, ana cikin rawa, ya zauna ya cire, safarsa ta jiƙe da jini a dunduniya. Ya tashi ya ci gaba da rawa da safa, jama'a na tafi suna shewa. Des na zaune a gefe da kwat ɗinsa da sabon askinsa. Nasa bororon ya warke ya zama kanta. Ya riga ya sha wannan ciwon domin kada yaron ya sha, ga shi yaron yana sha a gabansa. Bai iya cin abincin ba.

Ya yi niyyar faɗa daga baya, wannan gaskiya ce. Ya ce bari su dawo daga tafiyar amarci, ya ce bari Kirsimeti. To amma kafin Kirsimeti abin ya zama labarin ban dariya a bakin Glenn. Duk taron da aka yi sai ya ba da shi: yadda aka so a cuce shi da takalmin wani ƙazami, yadda ya tsaya tsayin daka. Yakan ƙare da, "Baba ne shaidata, shi ya tabbatar min." Des sai ya gyaɗa kai. Kowace shekara labarin na ƙara armashi, gyara shi na ƙara wuya. Har Beryl ta rasu ba ta daina hararar ƙanenta a kan teburin abinci ba.

Tsufa ya zo masa ta ƙafa, inda ya fi ƙarfi. Ya faɗi a bayan gida, ƙugu ya karye, bai ƙara takawa ba. Glenn ya ɗauke shi ya kai shi gidan kula da tsofaffi a Adelaide, kusa da shi, kuma a faɗi gaskiya bai yi sakaci ba, duk Asabar yana nan. Des yakan wuni a keken guragu bakin taga, yana kallon motoci maimakon tumaki.

Ranar zagayowar haihuwarsa Glenn ya shigo da kwali, fuskarsa cike da murna. Shi ma furfura ta fara masa.

"Baba, ka gaji da silifas ɗin nan. Duba. Na bincika da kaina kafin in karɓa, ba ƙafar da ta taɓa shiga ciki."

Ya durƙusa ya sa masa sabon takalmin. Fata mai kyau, ruwan goro, ƙam kamar katako. Ta matse kumburarriyar ƙafar tsohon har sai da ya runtse ido. Des ya dubi ƙafar ɗansa a ƙasa kusa da tasa. Faffaɗa, mai tudun baya. Tasa ce sak.

"Glenn," ya ce. "Sa shi mana. Ka ɗan yi yawo da shi kwana biyu, ka kawo min."

Glenn ya yi dariya. "Haba Baba, in ɓata maka? Naka ne. Ka manta abin da aka yi min lokacin aurena?"

"Ban manta ba."

"To ka gani. Ya yi maka daidai?"

Des ya daɗe yana kallon kan ɗansa da ke sunkuye yana gyara masa safa. Ya yi niyyar faɗa masa gaskiya. Sai ya tuna yanzu in ya faɗa, ba shi kaɗai zai ji kunya ba. Yaron zai tuna duk teburin da ya zauna ya kira ubansa ƙazami ana dariya. Ya ɗora hannu a kan furfurar.

"Ya yi daidai," in ji shi.

Kullum da safe yakan sa ma'aikaciyar gidan ta sa masa takalmin, ya wuni da shi a kan matakin kekensa, yana cizonsa, bai taɓa cewa a cire ba. Bai kai ƙarshen watan ba ya cika.

Da Glenn ya zo kwashe kaya ya tarar da takalmin a ƙarƙashin gado. Ya rasa yadda zai yi da shi, ajiye shi kuma zai riƙa tayar masa da hankali, sai ya mayar shagon da ya saya. Ya shirya yin bayani, amma ba a nema ba. Matar da ke kan kanta ta juya takalmin, ta duba ƙasa, ta shafa gabansa da yatsa.

"Ba matsala, za mu karɓa," ta ce. "Ai wannan ko taku ɗaya ba a yi da shi ba."