Ranar da na ƙi jan motar surukina

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da na ƙi jan motar albasar surukina a fadamar Danwarai, shi kuma yana tsaye yana kallo.

A shekarar ne na sayi wata tsohuwar akori-kura a Jega, da niyyar in riƙa jan motocin da suka mace a hanya tsakanin Aliero da Maiyama. Fenti kam ta sha, inji kuma lafiya lau. Ashe ciwon yana ƙarƙashinta. Tun ba a je ko'ina ba kulos ya ƙone, na canza. Sai farfela ta fara ƙara kamar ana daka a turmi. Ana gama wannan, giyar motar ta watse mini a kan hanyar Maiyama ina jan wata bas. Da bakanike ya faɗi kuɗin giya 'yar Kwatano, sai da na nemi benci na zauna. Haka na kai shanun huɗata kasuwa ina ji ina gani, kuma Allah ya sani na yi baƙin ciki. Ranar da bakaniken ya ba ni makulli ya ce, "Ka ja mota wadda babu kaya, giyar nan ta yi maka shekaru. Ka ja mai kaya, wallahi nan za ka komo, kuma ba ka da sauran shanu."

Ba a daɗe ba ƙanin matata ya kira ni. Magidanci ne, amma wasan da ke tsakaninmu bai bar mu mun girma ba. Ya ce babbar motar nan roka da Baba ya ɗauko haya ta kafe a taɓo, cike da albasar noman rani, kuma dillalin da zai saya yana shirin barin Aliero a ranar.

Na isa na tarar da tayoyin baya sun nutse, buhuna sun yi tsiri a sama. Mutane sun taru, har an ɗauko sarƙa ana jirana. Can gefe surukina ne a tsaye, hannu a baya. Wanda ya san mu ya san abin da ke nan: tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa a'a. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi daga nesa, sannan na ja ƙanin nan gefe.

"Motag ga ba ta jawuwa da kaya. Sai an sauke."

"Kai, mi kake hwaɗi? Baba na tsaye hwa! Ka ja kawai, in ta ɓaci a gyara."

"Da mi za a gyara? Kai zan kai kasuwa in saisuwa?"

Bai yi dariya ba. Jama'a kuma suka fara guna-guni, har na ji wani yana cewa yaran yanzu mota ta fi musu surukai. Maganar ta soke ni ƙwarai. Amma na san abin da na sani: in na ɗaura sarƙar nan, giya za ta tafi, rokar kuma tana nan inda take.

Na tuɓe rigata, na haye rokar, na saɓo buhu a kafaɗa na kai shi kan tudu. Na dawo na ɗauki wani. Sai da na yi sawu da dama ni kaɗai, gumi yana shiga mini ido, kafin ƙanin nan ya yi tsaki ya tuɓe tasa. Daga nan kunya ta kama sauran. Da motar ta zama wayam na ɗaura sarƙa, na sa giya ta ɗaya, na taka a hankali. Ta fito sumul. Muka sake lodi, aka nufi Aliero, aka tarar da dillalin ya riga ya tayar da mota, da ƙyar aka tsayar da shi.

Surukina bai ce mini komai ba, ko ta bakin matata. Na ɗauka shi ke nan, na ɓata. Abin ya daɗe yana cina a rai, ko da yake ban taɓa jin na yi kuskure ba.

Da ruwan shuka ya sauka, na tafi gonata da sassafe ina tunanin inda zan samo shanun haya. Sai na hango ana huɗa a ciki. Ƙanin nan ne riƙe da garma, a bayan shanun Baba.

"Baba ya ce a hwara da gonar mai mota," in ji shi. "Wai wanda bai da shanu amma yana da kahwaɗa, a taimaka mai."

Tun ranar na gane cewa ana iya ce wa babba a'a ba tare da an raina shi ba, muddin za ka sa kafaɗarka a inda ka hana motarka. Giyar nan kuwa har yau ita ce a cikin motata.