Kawu Ɗahe da Ƙwallon Goriba

Duk wanda ya san Kawu Ɗahe a Tambuwal ya san lemarsa. Rani da damina tana hammatarsa, ko Idi zai je. Ka gaishe shi, sai ya dubi gabas ya ce, "Lafiya lau, amma ni dai hankalina bai kwanta ba." Ranar sunan ɗiyata ma abin da ya faɗa ke nan, bakinsa cike da naman rago.

To irin wannan mutum ne ya ce sai ya shiga horon da aka shirya bayan ambaliyar da ta ci ƙauyukan Kebbe. Ina aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma ni aka ba jagorancin masu sa kai, waɗanda za a koya wa yadda ake zama da wanda masifa ta faɗa wa har ya samu sa'ida. Da na hango lemar nan a bakin ƙofa, sai na tashi na tare shi.

"Kawu, mi kaka yi nan?"

"Mi nika yi? Kai Nasiru, akwai wanda yaf fi ni sanin tashin hankali garin ga?"

Haka na bar shi ya shiga.

Malama Rabi, mai koyar da mu, ta ce a gwada. Wani direba ya zauna a matsayin wanda ruwa ya rushe wa gida, Kawu zai lallashe shi. Direba bai rufe baki ba Kawu ya dafe kai. "Innalillahi! Har da rumbu? To bari ka ji, bayan ruwa kwalara ka zuwa, bayan kwalara yunwa!" Sai direba ya miƙe ya nemi izini, wai zai je ya dubo gidansa na gaske.

Malama ta ce, "Baba, aikin nan saurare ne. Ka zauna, ka yi shiru, shi ya yi magana."

"Shiru? Ɗiyata, in nay yi shiru zuciyata fashewa za ta yi."

Washegari sai ga shi kumatu a kumbure. Na zaci ciwon haƙori ne. Ashe ƙwallon goriba ya cusa a baki, wai shi ne birkinsa! In tambaya ta ci shi sai ya tofo shi a hannu, ya goge da hula, ya gama magana ya mayar. Kowa ya yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san inda za a tura mu.

Ƙauyen Fakku aka tura mu, ni da Kawu. Can akwai wani Malam Jaɓɓi da ruwa ya tafi da gidansa da shanunsa duka. Matarsa ta ja ni gefe ta ce tun ranar bai ce uffan ba, abinci ba ya taɓawa, kullum yana bakin gulbi yana kallon ruwa. "Tsoro nika ji, Malam, wata rana ba shi dawowa." Na je na zauna da shi, na yi duk abin da aka koya mini, ko kallona bai yi ba. Na tashi in yi azahar. Ina dawowa na hango Kawu zaune kusa da shi, dab da gaɓa.

Na ce shi ke nan, yana ambaton kwalara mutumin nan ruwa zai faɗa. Na tsaya nesa ina ta salati.

Kawu bai ce komai ba. Ya buɗe lema a kan Jaɓɓi, shi yana cikin rana, gumi na zuba, ga shi kuma mutum ne da ko kududdufi sai ya zagaye. Haka suka zauna har inuwa ta juya. Can sai Jaɓɓi ya waiwayo ya ƙura wa kumatun nan ido.

"Bawan Allah, mi as same ka ga baki?"

Kawu ya girgiza kai, ya nuna shi da yatsa, wato kai za ka faɗi. Jaɓɓi ya yi wata 'yar dariya, dariyar ta koma kuka, ya fara kiran sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu bar garin ya sha fura a hannun matarsa.

A kan babur na ce, "Kawu, yau kam ka burge ni." Ya tofo goribar ya ce, "Ka ga yadda gaɓar can taka zaftarewa? Ni dai hankalina bai kwanta ba."

Da ranin nan Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ga damina ta kankama, an ce gulbi ya fara cika, an kawo mini sababbin masu sa kai, kuma sai in kama kaina ina duban gabas. Gwaggo, matar Kawu, ta ba ni lemar. Goribar kuwa a aljihunsa aka same ta, ta yi sumul don tsotso, tana cikin jakata.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu Ɗahe, ka yi masa inuwa yadda ya yi wa bawanka, ka kwantar masa da hankalin nan da bai taɓa kwanciya ba a duniya. Amin.