Farin Wando a Jirgin Kawu

Masu rufe jirgi ake ce mana a bakin Binuwai. Idan kwale-kwale ya tsufa, cikinsa ya fara tsagewa, sai a jawo shi tudu a kifa mana. Mu cusa auduga a cikin tsagar, mu bi da kwalta mai zafi, sannan mu yanka kwano mu lulluɓe gindin, mu kama shi da ƙananan ƙusoshi a jere. Ƙusa a jikin itace mai ƙwari take shiga. Idan ta faɗa cikin tsaga, buɗa ta za ta ƙara yi, kuma daga waje ba mai ganewa sai jirgi ya hau ruwa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini aikin, shi kuma ya koya wa kusan duk mai riƙe guduma a wannan gefe na Garwa. Mutum ne mai faɗa, ba ya bayani da baki. Idan ka yi kuskure sai ya kamo yatsanka ya danna shi a kan wurin, ya riƙe har sai ka ce ka gani. Na sha wannan dannar har na tsani yatsan nan nawa. Na girma, na yi aure, na kafa tawa rumfa kusa da tasa, amma ko a lokacin idan na ji tarinsa a bayana sai guduma ta nemi kuɓuce mini.

Muna da hanyar gwada wanda ya gama koyo, tun kafin a haife ni ake yin ta. Zai rufe jirgi shi kaɗai, ba mai miƙa masa ko ƙusa. Sannan wani gwani a cikin sana'ar ya sa farin wando, ya zauna daɓas a tsakiyar jirgin, a kan itacen, babu kujera babu tabarma, babu ƙwaryar kwarfe ruwa. Mai neman a yarda da shi ya tuƙa shi zuwa wancan ƙetare ya dawo. Da sun iso sai mai farin wando ya miƙe ya juya wa jama'a baya. Ba a cewa komai, wandon ne kowa yake kallo: idan ya jiƙe, mai rufin ya faɗi.

An daɗe ba a yi ba, sai wata damina jirgin albasa ya nutse gab da gada. Ba a rasa rai ba, amma buhuna sun bi ruwa, matar da ke da kayan ta zauna a bakin kogi tana kuka da yarensu na kan dutse. Da aka jawo jirgin, kwanon gindinsa ya ɗaɗɗage. Ba aikin Kawu ba ne, na san wannan. Sai dai magana ta tashi, har wani delege, jami'in gwamnati, ya zo daga ofis ya zauna da sarkin jirgi. Ya ce shi bai damu da yadda za a yi gwajin ba, muddin kowa zai bi ta ciki, babba da yaro, kuma wanda ya faɗi ba zai ƙara taɓa jirgin mutane ba. Sarkin jirgi ya ce to a koma ga farin wando.

Ga abin da kowa ya sani kuma ba mai faɗa: idon Kawu ya yi yana. Yakan laluba ƙusa a cikin gwangwani, yakan gaida mutum da sunan wani. Mu da muka koya a hannunsa mun saba da zagayawa bayan ya tashi, mu duba aikinsa, mu gyara abin da ya gyaru, mu yi shiru. Muna ganin ladabi muke yi.

An gwada ni a farkon mako na wuce. Ban ɓoye murnata ba, har tsire na saya wa 'yan rumfa. Da aka zo kan Kawu sai kowa ya tsiri uzuri. Wannan zai je Lagdo, wancan bayansa ke ciwo, sarkin jirgi da kansa ya ce ai shi alƙali ne, ba ya zama. Kawu ya saurari duk wannan yana goge almakashinsa, sannan ya nuna inda yake jin muryata ya ce ni zan zauna masa.

Na ɗauka na gane nufinsa. Na ce a raina tsoho ya san halin da yake ciki, ya zaɓi na gida don a rufa masa asiri. Da na koma gida, Inna ta ƙara mini nauyi. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ta ji labari, kuma yayanta bai san wani wurin zama ba sai bakin kogin nan, idan aka raba shi da guduma an gama da shi. Ta ce ita dai kada a kunyata mata ɗan'uwa a gaban yaran da ya rena.

Saboda haka ranar gwajin na sa farin wandon, na ɗora doguwar jallabiya mai ruwan ƙasa a kai. Dabarata ke nan, kuma ina jin kaina mai wayo. Na ce idan na miƙe zan ɗan ɗage ta gefe guda in sake, wa zai ce in ƙara ɗagawa?

Bakin kogi ya cika. Masunta, masu ɗibar yashi, 'yan moto masu haya da babur da suka ajiye aikinsu, har da mahauta da suka zo jiran awaki daga ƙetare. Delege yana tsaye a inuwa da wayarsa a hannu, yana ɗaukar hoto. Jirgin Kawu ne na kansa, wanda yake fita kamun kifi da shi idan aiki ya yi sauƙi. Ya rufe shi tas, kwanon yana ɗaukar ido, layin ƙusoshin ya miƙe sak. Da na gani sai na ji sanyi a raina, na ce wataƙila mu ne muke raina tsohon.

Na ɗaga ƙafa zan shiga, Kawu ya kama hannun rigata. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya bi shi har ƙasa.

"Sanyi kake ji?"

Na ce a'a.

"To cire."

A gaban kowa na tuɓe ta na miƙa wa sarkin jirgi. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Jirgi bai taɓa ruwa ba tukuna, amma na riga na gaya wa Kawu, na gaya wa duk Garwa, abin da nake zato game da aikinsa.

Muka tashi. Yana bayana da filafili, ni ina fuskantar gaba, ƙafafu a miƙe. Tuƙinsa bai canza ba, a natse, ba ya fantsama ruwa. Mun wuce inda mata ke wanki, mun shiga inda ruwan ke da ƙarfi, sai na ji wani ɗan sanyi a cinyata ta hagu. Na ce gumi ne. Sanyin ya faɗaɗa, ya zagayo. Na saci kallon ƙasa, ga wani siririn ruwa yana fitowa daga tsagar yana bin jikin itacen zuwa inda nake.

Na dafa gefen jirgin da hannu biyu, na ɗan ɗage jikina sama yadda ba za a gane daga tudu ba.

"Zauna," in ji shi.

"Ina zaune, Kawu."

"Jirgi ya karkata. Sauke jikinka."

Na sauke. Ruwan ya karɓe ni.

A wancan ƙetare akwai dogayen ciyayi da ke kare mutum daga idon na tudu. Da muka shiga bayansu na fara magana da sauri, ban ko juyo ba. Na ce mu ɗan tsaya in shanya, rana tana da zafi. Na ce ko in faɗa ruwa gaba ɗaya, a ce santsi ya kwashe ni, a ɗage gwajin, kafin nan mu duba jirgin tare. Na kawo dabaru iri-iri, kowacce ta fi ta baya muni, yana ji yana juya kan jirgi.

Sai da ya daidaita shi ya amsa. Ya ce ya daɗe da sanin muna bin bayansa muna gyara, yana jin ƙarar gudumarmu idan ya tafi salla.

"Idona ya daina gaya mini gaskiya, ku ma kun daina," ya ce. "Da mai rufa asiri nake so, ga su nan birjik a tudu. Na ɗauka kai ne ba za ka yi mini ƙarya ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma har yau ban sake ji ba. Ina zaune cikin ruwa da furfura a gemuna, na kasa juyowa in dubi mutumin da ya koya mini riƙe ƙusa.

Jirgi ya taɓa yashi. Na ci gaba da zama a cikin ruwan. Sarkin jirgi ya kau da kai, delege ya sauke wayarsa, na gode masa a kan wannan. Kawu ya fita ya zagayo ya miƙo mini hannu, shi ya ɗaga ni. Na juya wa jama'a baya.

Wani mahauci baƙo daga Pitowa, wanda bai san abin da ake yi ba, ya tuntsire da dariya ya ce babban mutum ya saki ruwa a wando. Wani ya zungure shi ya yi shiru.

Kowa ya gani ban da mutum ɗaya. Kawu ya matso, ya sunkuya, ya shafa wandon da tafin hannunsa daga ƙugu har bayan gwiwa. Ya murza yatsunsa. Ya ce, "Useko," yadda ake gode wa wanda ya ba ka ruwan sha, sannan ya je rumfarsa ya fara tattara kayan aiki a cikin buhu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi wandon ta wanke da kanta, ta shanya shi a bayan ɗaki inda baƙi ba sa gani. Ta jima ba ta kira ni cin abinci da bakinta ba, sai dai ta aiko.

Bayan kwanaki ina aiki sai na ga an jawo jirgin nan an kifa shi a gaban rumfata, a bayan wasu biyu da ke jira. Kawu yana tsaye kusa da shi. Na ajiye guduma na ce a matso da nasa gaba. Ya ce a'a, patron ya gama da waɗanda suka riga shi, wato ni yake kira maigida. Da ya mare ni da ya fi wannan kalma sauƙi.

Da layi ya zo kansa na sa ƙarfe na ɗage kwanon. Audugar ta cusu yadda ya kamata, kwaltar ta kwanta lafiya. Ƙusoshin kuwa tazararsu ɗaya, ko ni ba zan jera su haka ba. Sai dai layin gaba ɗaya ya goce da faɗin yatsa, kowace ƙusa ta sauka a cikin tsagar, daga farko har ƙarshe.

Ya tsuguna kusa da ni ya tambaya ko layin ya miƙe. Na ce ya miƙe, Kawu.

"To a ina ne?"

Na duba hagu da dama, 'yan rumfa duk sun sunkuyar da kai kan aikinsu. Na kamo yatsansa na ɗora a kan ƙusa ta farko, na danna shi cikin tsagar, na riƙe. Ya bi ta da kansa zuwa ta biyu, zuwa ta uku, a hankali har ƙarshen jirgin.

"Na gani," ya ce. "Cire su duka."