Kaset Ukun Yaya Lawal

Kaset uku ne na fi so a duk kiɗan da na taɓa ji a duniya, kuma har yau ban san sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu waƙar ba. Kiɗan Turawa ne, irin wanda ake kira rok, mai jita da ganguna kamar za a rushe ɗaki. Kwafi ne da aka naɗa a wani shago a Kano, babu hoto, babu rubutu, shi ya sa a gidanmu na Fakuwa da kamanninsu muke kiransu: Ja, Baƙi, da Mai Tsaga, wanda gefensa ya fashe aka liƙe da salatif.

Na yayana ne, Yaya Lawal. Ya girme ni da shekara takwas. Yana makarantar kwana a Katsina lokacin jihar tana sabuwa, ni kuwa ina aji uku a firamare. Wani hutu ya sauka daga mota a Kankiya, ya tako har gida da 'yar rakoda a cikin jaka, wadda wani abokinsa ɗan Kano ya bar masa tare da kaset ɗin. Ja shi ne mai hayaniya, daga farko har ƙarshe ba numfashi. Mai Tsaga muryar mace ce, a dishe kamar mai mura, amma in ta ja wata gaɓa sai tsikar jikinka ta tashi. Baƙi kuwa a hankali yake farawa, jita ɗaya tal, kamar mutum yana kuka ba ya so a ji, can sai ganguna su rufto. Waƙa ta biyu a cikinsa ita ce tamu, ni da shi. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na haddace ta tsaf.

Mutum ɗaya ce ba ta shiri da rakodar nan: Kaka, mahaifiyar Babanmu. Ita ma tana da nata taron, na tatsuniya. In damina ta ja baya gero ya fara nuna, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a madafarta, mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana tumu tana murzawa a tafin hannu tana hure ƙaiƙayin. Hayaƙi na shiga ido, sauro na cizo, ba mai tashi. Sai ga kiɗan Yaya daga zaure yana tsallako katanga.

"Maigida!" Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. "Kashe mani maƙerar nan. Mi aka yi masu suke ihu haka?"

"Kaka, waƙar soyayya ce fa."

"To Allah shi raba ni da soyayyar da ake yi da guduma."

Sai ya kashe yana dariya, ya zo ya zauna a kan turmi, wai shi ya girmi tatsuniya, tumu kawai ya kawo shi. Amma shi ne mai katse ta. In ta ce kura ta haɗiye mutum bakwai, ya ce wa ya ƙirga? Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa ta ci gaba.

Da bazara ta zagayo, sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Yaya yana gida hutu ya kama shi. A amalanke aka fitar da shi zuwa titi, wuyansa a sandare, aka kwantar da shi a asibiti a Kankiya. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo muka yi ta hamdala, har Inna, mahaifiyarmu, ta yi sadakar waina. Ranar da aka sallame shi Baba ya kira sunansa daga baya, bai juyo ba. Ya sake kira da ƙarfi. Bai juyo ba.

Likita ya ce ciwon ya kashe jijiyar ji. Baba bai yarda ba. Ya kai shi Katsina, ya kai shi Kano, aka faɗa masa magana ɗaya. Aka yi rubutu, aka yi turare, wata tsohuwa daga Kusada ta zo ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi a kunne. Duk abin da aka kawo Yaya ba ya musu, ya miƙa kai a yi. Makaranta dai ta ƙare ke nan.

Abin da na fi kasa jurewa shi ne rakodar. Sai ya sa Ja, ya murɗe ta har ƙarshe, ya dafa tafin hannunsa a kan lasifika, wani lokaci har da goshi. Muryarsa ta koma da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Dije, ina aka kai?" Sai in ɗaga masa yatsu, waƙa ta uku ko ta huɗu. Ya gyaɗa kai, leɓensa na motsi, amma ina ji ya riga waƙar ko ta riga shi. Ban taɓa gaya masa ba.

Da gero ya sake nuna, Kaka ta hura wutarta. Yaya ya zo ya zauna a kan turminsa, ya zuba wa bakinta ido. Ta fara tatsuniya da ƙarfi, ta ƙara ƙarfi, har muryarta ta shaƙe ta kama tari. In ya ga muna dariya sai shi ma ya yi, bayan mu mun gama. Kwana uku ana haka. A na huɗu ta daɗe tana juya tumu a wuta har ya ƙone, sannan ta buɗe tatsuniya yadda ta saba buɗewa, a hankali wannan karon:

"Ga ta nan ta iso ƙofar gida."

Muka amsa, "A buɗe mata ta shigo."

Ta ce wai an yi wata mata mai ɗa guda, yaro mai surutu, mai son bushe-bushe. Wata rana ya bi akuyarsu jeji, ya faɗa wata tsohuwar rijiya da ba wanda ya san zurfinta. Uwar ta leƙa, ta hango ɗan farin rigarsa can ƙasa yana motsi, ta san yana da rai. Ta kira, muryarta ba ta kai ba. Ta ruga gari ta karɓo igiyar gugan kowane gida, aka ƙulla, aka zura, ba ta kai ba. Mata suka kwance ɗankwalayensu aka haɗa. Maharbi ya ba da tsirkiyar bakansa. Aka roƙi raƙumin dawa ya zura wuya, aka roƙi mesa ta miƙe jikinta a ƙarshen igiya. Duk ba su kai ba. Mutane suka gaji, kowa ya karɓi igiyarsa, don shi ma gidansa na bukatar ruwa. Ita kuwa uwar ta kafa bukka a bakin rijiyar. Kullum da safe ta jefa masa dunƙulen fura, ta leƙa ta ga farin ya motsa, ta zauna.

Kaka ta ajiye tumun da ya ƙone. Muka jira. Ta ce, "Nan ta tsaya, wuta ma ta gaji."

Muka yi caa. Ni ce na fi kowa ɗaga murya. "Kaka, ai ba haka ake ƙarewa ba! Ina aljani? Ina tsuntsun da zai ɗauko shi?"

"Ban gan su ba, ɗiyata."

"To ya fito ko bai fito ba?"

"Ni dai iyakar igiyata ke nan," in ji ta. "In kun san inda wata take, ku kawo."

Yaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai dariya. Ya ce da ƙarfi, "Yau kura ta ci mutum nawa?" Ba wanda ya iya ɗaga masa yatsa. Kaka ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta ce mini, "Tashi ki ɗauko maƙerar nan." Na ɗauko, na sa Baƙi. Ya dafa lasifikar, ita kuma ta zauna ta saurara tun daga fari har kaset ya tsaya, fuskarta a yamutse.

Bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa. Kaset ɗin kuma rakoda ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta naɗe zaren da biro ina liƙawa da jan farce, har aka kai inda babu abin liƙawa.

Na daɗe ina ganin Kaka gajiya ta yi a ranar, ta ɓata mana tatsuniya. Sai da na haifi nawa, na zauna a bakin gadon asibiti da hannuwa biyu ba abin da za su iya, sannan na gane. Matar da ta saba fitar da kowa daga kowane rami da dabarar zomo, ranar nan ta kasa yi wa jikanta ƙarya a gabansa, ko da yake ba zai ji ba. Kuma ba mu take ba labarin ba. Kanta take gaya wa yadda za ta yi sauran kwanakinta.

Yanzu Yaya tela ne a kasuwar Kusada, yana da 'ya'ya huɗu da bai taɓa jin muryarsu ba. Ni ina koyarwa a Kankiya. Bara bayan ƙaramar salla na hau acaɓa na je shagonsa. Muna cikin hirarmu ta hannu da takarda sai ya tsayar da keken ɗinki.

"Dije, ta biyu a Baƙi. Ta ɓace mini. In na fara a raina sai in tsaya a tsakiya."

Na kama damtsensa na buga masa da yatsu, yadda take tafiya. Ya girgiza kai.

"Wannan ganga ce. Jitar nake nema."

Tana nan a kaina cif, ko gaɓa ɗaya ba ta zube ba, ga shi kuma a gabana, tsakaninmu bai kai kamu ɗaya ba. Na rasa ta inda zan miƙa masa. Sai kawai na buɗe baki na rera, ni matar aure mai furfura, a tsakiyar kasuwa, masu jiran ɗinki na kallona. Ya kafa wa leɓena ido har na kai ƙarshe.

"Haka take?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "To." Ya gyara bakin rigar da ke ƙarƙashin allura, ya taka keke.