Kawu Sabo Ba Ya Rufe Bakin Gwaggo

Ku da kuka zauna a shagon Kawu Sabo na bayan tasha a Birnin Kudu, kun san ba ƙari nake yi ba: mutumin nan gaisawa yake yi da gargaɗin kwamfuta! Da zarar jan rubutu ya fito a allo sai ya gyara hula ya ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo. Yau kuma me na yi?" Gwaggo ita ce manhajar da ke duba masa sikirif, wato layukan umarnin da yake jera wa kwamfuta ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ya raɗa mata sunan ne don ba ta taɓa ganin aikinsa ta yi shiru ba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, tare muke riƙe da shagon. Amma matarsa, Inna Laraba, ta ɗora min wani aikin daban: in lallaɓa shi ya je asibiti, don likita ya ce hawan jini ya sa shi a gaba. Wallahi gyaran kwamfuta ya fi sauƙi!

Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne eval, umarnin nan da ke karɓar duk rubutun da aka miƙa masa ya aiwatar, ba tambaya. Wata rana Nura, mai shagon buga takardu a Gwaram, ya shigo yana taƙama da sikirif ɗin da ya haɗa na rajistar ɗalibai. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin suna, eval ke karɓa.

"Kawu, gani ya kori..." bai ma ƙarasa ba Kawu ya janye kwamfutar. "Kawo in yi rajista."

Maimakon suna sai ya rubuta umarni. Nan take firinta ta kama aiki, takarda na bin takarda, kowacce ɗauke da manyan baƙaƙe: NURA BAI YI WANKA BA. Nura ya yi tsalle ya cire waya daga bango.

"Kawu, me ka yi mata?"

"Ni? Kai ka ce mata ta yi biyayya ga duk wanda ya zo. Ka gode Allah ni ne na zo. Da wani ne, goge komai zai ce ta yi."

"To ai Gwaggo ba ta ce komai ba!"

Kawu ya duba, ashe tun daga layin farko Nura ya kashe gargaɗin gaba ɗaya. Ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Ka toshe wa tsohuwa baki, sannan ka ce ba ta yi magana ba?"

Na ga hannun nan a ƙirji ya daɗe, na ce, "Kawu, asibiti fa." Ya ce ba ciwo ba ne, Nura ne.

Sai ga shi wata rana shi ma eval ya zame masa dole. Kai, ranar mun sha kallo! Ya tabbatar rubutun nasa ne, ba na baƙo ba, ya killace shi da kyau, ya kashe gargaɗin a kan layi ɗaya tak. Sannan ya rubuta dalili a samansa, bayanin da ya fi sikirif ɗin tsawo, ya miƙe tsaye ya karanta da ƙarfi: "Gwaggo, na ji maganarki, kuma kina da gaskiya. A nan kaɗai nake neman alfarma."

Na ce, "To likita fa? Shi ma ya yi magana."

"Sai bayan girbi."

Bayan girbi ya ce sai ya gama aikin manoman Kwandiko. Da ya gama, ya ce zafi ya yi yawa. Raina ya ɓaci har na yi kuka a gabansa, shi kuwa ya saya min tsire.

A ƙarshe a kwance muka kai shi asibitin, da rana tsaka ya faɗi a shago. Na'urar da aka maƙala masa ta yi ta ƙara, ma'aikaciyar jinya ta kai hannu za ta rage sautin. Mutumin da ke numfashi da ƙyar ya ɗaga yatsa.

"'Yata, kar ki kashe. Me take cewa?"

"Baba, cewa take jininka ya hau sosai. Mun gani, muna kai."

"Madalla, kin faɗi dalili. Kashe."

Har Inna Laraba sai da ta yi dariya cikin hawaye. Shi kuwa ya juyo ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Hadiza, naki gargaɗin ne na kashe ba dalili. Ki yafe min."

Na yafe, Kawu, tun a wurin na yafe, kuma ina kewarka ƙwarai. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Amin.