Askin da Aka Yi wa Kwamfutar Kawu

Ba aski yake yi ba, amma duk layin masu gyara Wanzami suke ce masa. Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, cike da kwamfutoci masu ƙeya waɗanda farinsu ya koma ruwan ƙasa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace kwamfuta da babbar manhajar zamaninta. Fayafayansa na jere cikin kwalin takalmi, tsohon zubi da sabo. In ya zaɓi wanda injin zai iya ɗauka, sai ya hau yi masa aski, ya cire hotunan ado da wasanni da duk wani sauti, har tsohuwa ta tashi da gudu kamar yarinya.

Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, ya daɗe da rasa gani. Abokiyar zamansa wata tsohuwar kwamfuta ce mai karanta masa littattafai da murya. Ya haddace maɓallanta da yatsu, ba ya neman taimakon kowa. Da ta fara nawa, Wanzami ya ɗauke ta, ya loda mata zubin da ya fi sauƙi, ya aske ta tas. Muryar karatun kaɗai ya bari.

Ya mayar wa Kawu da ita. Da ya koma dubawa, ya tarar an lulluɓe ta da zane.

"Kawu, ya na ga an rufe ta?"

"Gawa ka kawo min, ai dole a rufe."

"Haba Kawu, lafiyarta ƙalau. Kafin ƙiftawar ido ta tashi."

"Idon wa? Da can in na kunna, sai ta yi ɗan kiɗan nan, in san ta farka, sannan in danna. Yanzu shiru. In na danna da wuri ta rikice, in na jira ban san iyakar jiran ba. Sai na kira surukata ta duba min, kamar mai neman a kai shi banɗaki."

Wanzami ya nemi mayar da kiɗan, ashe zubin mai sauƙi da nasa daban ya zo. Kawu ya saurara, ya ce wannan ba ita ba ce. Dole Wanzami ya sake loda mata zubinta na da mai nauyi, cikakke, bai taɓa masa ko gashi ɗaya ba.

Ta koma nawarta. Kawu kan kunna ta, ya jingina da bango yana jira. In kiɗan ya tashi sai ya gyara zama, ya ce da duk wanda ke ɗakin, "To, a ba mu wuri."